Ranar masoya: da gaske ne an kashe Valentine saboda ɗaura wa sojoji aure?

Sadiq_Fagge
Assalamu alaikum jama'a. Da Fabrairu ta kama, saƙonni biyu ne ke yawo a WhatsApp. Ɗaya ya ce Valentine limamin coci ne a birnin Rum, sarki ya hana sojoji aure, shi kuma yana ɗaura musu a ɓoye, aka kama shi aka fille masa kai ran 14 ga wata. Ɗayan ya ce ina, bikin arnan Rumawa ne, ana zuba sunayen 'yan mata a akwati samari su zara. Wanne ne gaskiya? Masana tarihin gidan nan ku fitar da mu daga duhu.

MalamTarihi
Wa alaikumus salam Sadiq. Duka biyun akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma ƙarin gishirin ya fi yawa.

Tsofaffin rubuce-rubucen coci sun kawo Valentine biyu da ake tunawa da su a wannan rana. Na farko limami ne a Rum. Labarinsa ya ce an damƙa shi hannun wani jami'i mai suna Asterius, ya yi wa 'yarsa makauniya addu'a idonta ya buɗe, gidan duka suka karɓi Kiristanci, sarki Claudius ya fusata ya sa aka kashe shi a kan hanyar Flaminia, arewa da birnin. Na biyu bishof ne na garin Terni, shi ma labarin warkar da ɗan wani malami ne ya ja masa. Wasu masana na ganin mutum ɗaya ne garuruwa biyu suka raba. Claudius na Biyu ya yi mulki daga 268 zuwa 270, shi ya sa ake sa kisan a wannan tsakanin.

A duk labaran nan biyu babu aure, babu saurayi, babu budurwa. Batun hana sojoji aure kuwa ya ma fi rauni. Dokar ta wanzu a Rum, amma tun zamanin sarki Augustus ne, kuma sarki Septimius Severus ya sassauta ta wajen shekara ta 197, kusan shekara 70 kafin Claudius ya hau. Zancen wasiƙar da ya bar wa yarinyar da sa hannun "daga Valentine ɗinki" ma daga baya can aka liƙa shi.

Ummu_Hanan
To Malam, na akwatin fa? Shi ake ta karanto mana a wa'azi.

MalamTarihi
Hajiya, bikin akwai shi, sunansa Lupercalia, ran 15 ga Fabrairu ake yinsa. Ana haɗuwa a wani kogo a gindin tudun Palatine, a yanka awaki da kare. A shafa wa samari biyu jinin a goshi da wuƙar yankan, a goge da ulu da aka tsoma a madara, su kuma dole su yi dariya. Sai a yanyanka fatar awakin zara-zara, masu bikin su zaga tudun da gudu kusan tsirara suna tsula wa mutane. Mata kan miƙa hannu da kansu a tsula musu, don sun yi imanin yana kawo haihuwa da sauƙin naƙuda. A irin wannan bikin ne, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Mark Antony ya miƙa wa Julius Caesar kambun sarauta a bainar jama'a ya ƙi karɓa.

Marubutan Rum da suka siffanta bikin ba wanda ya ambaci akwati ko ƙuri'a. Wannan zance ya yaɗu ne daga littafin tarihin waliyyai na Alban Butler, wani limamin Katolika ɗan Ingila, a shekarun 1750. A Ingilar zamaninsa ana zarar sunaye a ranar Valentine, sai aka ɗauki al'adar aka mayar da ita baya shekara dubu da ɗoriya.

Bitrus_Kafanchan
Na gode MalamTarihi. Bari in ƙara daga ɓangaren coci, don mutane da yawa na zaton wannan babban idi ne a wurinmu. Ba haka ba ne. A 1969 Cocin Katolika ta cire shi daga babbar kalandar bukukuwa, dalilin da ta bayar shi ne ban da sunansa da wurin da aka binne shi, babu wani abu tabbatacce game da shi. Ba a soke waliyyancinsa ba, sunansa na nan a jerin shahidai, amma ran 14 ga Fabrairu waliyyai Cyril da Methodius ake tunawa da su a yawancin majami'u. Cocin Orthodox ta Gabas kuma a Yuli take tuna Valentine. A 2018 da 2024 ranar ta faɗo kan Larabar Toka, farkon azumin kwana 40, ranar da Katolika ba ya cin nama. Limamai suka ce azumi ne a gaba.

Masu son ganin kayan tarihi: akwai ƙoƙon kai da ake danganta masa a cocin Santa Maria in Cosmedin a Rum, akwai kuma wani akwatin ƙasusuwan da ake danganta masa a cocin titin Whitefriar a Dublin, wanda Fafaroma Gregory na 16 ya bayar a shekarun 1830.

Abu_Maryam
Duk wannan dogon turancin bai canza komai ba. Ai Fafaroma Gelasius ne ya soke bikin arnan a 496 ya maye gurbinsa da wannan. Sunan kawai aka sauya.

MalamTarihi
Malam Abu_Maryam, Gelasius ya yaƙi Lupercalia, wannan tabbas ne. Akwai doguwar wasiƙarsa ga wani ɗan majalisar dattawan Rum, Andromachus, inda yake cewa in har bikin na da amfani su manyan su fito su yi gudun da kansu mana. Amma wasiƙar ba ta ambaci Valentine ko sau ɗaya ba. Kuma daga Gelasius zuwa lokacin da aka fara haɗa ranar da soyayya akwai kusan shekara 900 da ba a ji ɗuriyar wata alaƙa ba. Jack Oruch na Jami'ar Kansas ya bi diddigin wannan a 1981, bai samu komai ba kafin mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer.

Zee_Adabi
Yauwa, an zo fagena. Wajen 1380 zuwa 1382 Chaucer ya rubuta waƙa mai layi kusan 700 kan taron tsuntsaye, inda ya ce a ranar Waliyyi Valentine kowane tsuntsu ke zuwa ya zaɓi abokin zamansa. Gaggafa uku na neman mace ɗaya, ita kuma ta ce a ba ta shekara ta yi tunani. Da yawa na ganin habaici ne ga neman auren da sarki Richard na Biyu yake yi wa Anne ta Bohemia, wanda aka ɗaura a Janairun 1382. Daga nan mawaƙan fada a Ingila da Faransa suka ɗauka. Charles, Yariman Orleans, wanda Ingilishi suka kama a yaƙin Agincourt a 1415 suka riƙe shi shekara 25, ya yi waƙoƙi da dama da ke ambaton ranar.

Wadda ta fi burge ni ita ce wasiƙar Margery Brews ta 1477, daga yankin Norfolk, tana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Ita ce mafi tsufan wasiƙar masoya ta wannan rana da aka sani a harshen Ingilishi. Ta kira John Paston masoyinta Valentine, amma abin da ke cikin wasiƙar rigimar kuɗi ce. A can iyayen amarya ne ke ba ango dukiya, shi John ya raina abin da aka yanka masa, mahaifinta kuma ya ce ba zai ƙara ko kwabo ba. Take roƙonsa in yana sonta kada ya bar ta saboda wannan. Uwarta ce ta shiga tsakani, ta gayyato shi gida a ƙarshen makon Valentine don a sasanta da maigida. An dai yi auren.

Dan_Baiwa77
Ashe rigimar kayan ɗaki da gara ta daɗe a duniya 😂

Hajiya_Bilki
Kai dai bari ɗana. Ko a can ma uwar yarinya ce mai ɗinke ɓaraka.

Kabiru_GidanWaya
Mawaƙa sun fara, amma gidan waya ne ya kai abin ga talaka. Kafin 1840 a Ingila wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, kuma ana lissafi da nisan tafiya da yawan takardu. Ambulan kanta takarda ce, sai a ninka maka kuɗi. Da gyaran Rowland Hill ya zo a 1840, aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya, mai aikawa ke biya, ko'ina a ƙasar, muddin wasiƙar ba ta wuce rabin oza ba, wato wajen giram 14. Abu biyu suka faru: kati ya yi arha, kuma mutum na iya aikawa ba tare da an san shi ba.

Wannan ɓoye sunan ya ƙara wa katunan zagi kasuwa. Takarda ce mai arha da zanen ba'a da ɗan baiti, a aika wa tuzuru ko mashayi ko mai kanti mai algus ko budurwar da ake ganin tana da girman kai. Kafin gyaran ma abin ya fi ciwo, don sai ka biya kuɗin waya sannan ka buɗe ka tarar zaginka aka yi.

A Amurka Esther Howland ta garin Worcester ce ta mai da shi sana'a a ƙarshen shekarun 1840. Tana sayo takarda mai ƙirar leshi daga Ingila, ta jera mata a dogon tebur, wannan ta yanka, ta gaba ta manna hoto, ta gaba ta sa ado. Kamfanin Hallmark sai 1910 aka kafa shi, ya fara katin wannan rana a 1913. Masu cewa Hallmark ne ya ƙirƙiro ranar sun makara da shekara 500.

Abu_Maryam
Ko mawaƙi ne ya fara ko ɗan kasuwa, mu dai idinmu biyu ne. Hadisin Anas yana cikin Abu Dawud da Nasa'i: Manzon Allah (SAW) ya zo Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Layya da Ƙaramar Sallah. Ga kuma hadisin kamanceceniya da wasu mutane. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta, haka mafi yawan malamanmu. Kuma kowa ya san abin da ake aikatawa a otal-otal da daren ranar.

Ustaz_Nura
Allah ya saka da alheri Malam. Fatawar haramcin ita ce ta fi rinjaye a nan, ba musu. Don cikar ilmi dai, Darul Ifta ta Masar ta tafi a kan cewa ware rana don nuna ƙauna al'ada ce ta zamantakewa, ba ibada ba, ba laifi in ba a haɗa da saɓo ba. Saɓanin yana kan ko ranar "idi" ce a ma'anar shari'a. Abin da ba saɓani a kansa shi ne keɓewa da wadda ba muharrama ba. Kyauta tsakanin ma'aurata kuwa ga hadisin "ku yi wa juna kyauta za ku so juna" a Adabul Mufrad na Bukhari, ba a ɗaure shi da wata rana ba.

Shawarata ga masu wa'azi: a bar kawo labarin akwatin nan a matsayin hujja. Yaro zai bincika a wayarsa ya ga ba shi da tushe, sai ya haɗa da sauran maganar ya watsar.

Issoufou_Maradi
Gwamnatoci ma sun gwada hanawa. A Saudiyya 'yan hisba kan hana sayar da jan fure da jajayen kaya a makon, har farashinsa ya riƙa tashi a bayan fage. Tun da aka rage musu iko a 2016 ana sayarwa a fili. Babbar kotun Islamabad ta hana bikin a wuraren taruwar jama'a a 2017. A Indiya ƙungiyoyin 'yan Hindu masu zafi ne ke korar masoya daga wuraren shaƙatawa, a 2023 ma wata hukumar gwamnati ta ce a mai da ranar ta rungumar saniya, aka yi ta dariya har ta janye.

DanZongo_Kumasi
Mu a Gana dabara aka yi. An mai da ranar ta zama Ranar Cakulan ta Ƙasa, don a ja hankalin matasa a kuma tallata kokon gida. Gana da Kodebuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma yawancinsa ɗanye ake fitarwa. Manomi ya fasa kwalɓar, ya tara 'ya'yan da farin ruwansu a lulluɓe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ana juyawa, sannan a shanya a kan tabarmar gora har danshi ya sauka wajen kashi 7 cikin 100. In an gajarta kwanakin rufin, cikin ƙwayar zai fito shuɗi-shuɗi, cakulan ya yi bauri. A 2024 tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda cutar bishiya da rikicewar damina, shi ya sa kwalayen suka ƙanƙance.

Maman_Ilham_Kek
Tunda an zo kan cakulan, ga masu yin na sayarwa a wannan mako. Kashi biyu ne a kasuwa. Akwai na gaske mai man koko, akwai na kwaikwayo mai man ƙwarar manja. Na kwaikwayon narkarwa kawai za ki yi ki zuba a mazubi. Na gasken sai an daidaita zafinsa, in ba haka ba ya ƙi daskarewa da kyau, ya fito dishi-dishi yana manne wa yatsa.

Ga baƙin cakulan: ki daddatsa, ki ware kashi ɗaya cikin uku. Ki narka sauran a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, kada gindin kwanon ya taɓa ruwan, har ya kai digiri 45 zuwa 50. Ki sauke, ki riƙa zuba wanda kika ware kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya sauko 31 zuwa 32. Mai madara 29 zuwa 30. Gwaji: ki shafa a bakin wuƙa, in ya daskare cikin minti 3 zuwa 5 yana sheƙi, ya yi. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki zai cure ya zama dunƙule, don haka cokali da kwano su bushe ƙarau.

Matsalarmu a nan zafi ne. Man koko na narkewa a wajen digiri 34, tsakiyar Fabrairu kuma da rana Kano da Sakkwato kan kai haka. Ki yi aikin da asuba ko a ɗaki mai sanyi. In ya narke a hanya ya sake daskarewa, fari-farin da ke fitowa a kansa mai ne ya taso, ba ruɓewa ba ce. In kuma daga firji kika fito da shi kika buɗe nan take, raɓa ta sauka a kai, sukari ya narke ya bushe ya bar garas-garas. Ki bar shi a rufe cikin robarsa har ya huce tukuna.

Salisu_Fulawa
Masu ƙorafin tsadar jan wardi, ga dalili. Wanda ake sayarwa a Turai mafi yawansa daga Kenya yake, gefen tafkin Naivasha, sai Habasha. Na Amurka daga Kolombiya da Ekwado, ta filin jirgin Miami. Daga yanke reshe zuwa sabon fure a Kenya mako 6 zuwa 8 ne, a tsaunukan Ekwado ya fi haka saboda sanyi. Don furen ya zo daidai makon farko na Fabrairu, sai manomi ya datse gonar tun Nuwamba ko Disamba, wato ya sadaukar da girbin Janairu. Hadari ya yi yawa fure ya makara, rana ta yi yawa ya riga lokaci, duk asara ce. Ga shi kowa ja yake so, ga kuɗin jirgi ya tashi. Ran 15 ga wata kuwa farashin ya faɗi warwas, kamar rago washegarin Layya.

Ana yanka da sassafe tun yana tsuke, a tsoma a ruwan magani, a kai ɗakin sanyi mai digiri 2 zuwa 4, a ware bisa tsawon kara, santimita 40, 50, 60 zuwa sama. Daga nan mota mai firji zuwa Nairobi, jirgin dare zuwa Holan. A kasuwar Aalsmeer gwanjon a juye yake: farashi na farawa daga sama yana sauka, wanda ya fara danna maɓalli shi ya saya. In sanyin ya yanke a hanya, gumi ya kwanta a kan furen, ruɓa mai toka-toka ta kama shi.

Ummu_Hanan
Malam Salisu, me ke sa kansa ya langaɓe kwana ɗaya da saye?

Salisu_Fulawa
Ruwa ne ba ya hawa, Hajiya. Ko iska ta shiga karan, ko ƙwayoyin cuta sun toshe shi. A yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙasa a karkace da wuƙa mai kaifi, almakashi maras kaifi matse karan yake yi. A cire duk ganyen da zai nutse. A lita ɗaya ta ruwa a sa babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. A sauya bayan kwana biyu a sake datsa. Kada a ajiye kusa da ayaba ko mangwaro, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana tsofar da fure. Iskar hunturu da fanka ma suna busar da shi.

Lauya_Aminu
Gargaɗi ga masu naɗe takardun naira su yi furen kuɗi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza N50,000 ba, ko duka biyun. A Fabrairun 2023 bankin ya sa furen kuɗi a jerin laifukan, tare da liƙi da sayar da sababbin kuɗi. Mai haɗawa ma bai tsira ba, tunda shi ke sa gam da allura.

Zee_Adabi
@Kabiru_GidanWaya, in ana neman inda 'yan kasuwa suka ƙirƙiri abu daga tushe, Japan ce. Kamfanonin alewa suka tallata ranar a shekarun 1950, ta zauna a kan mata ke ba maza cakulan, har da na dole da ake raba wa abokan aiki. A 1978 aka ƙaro 14 ga Maris, ranar da maza ke ramawa. Koriya ta Kudu ta ƙara 14 ga Afrilu, marasa masoyi su taru su ci taliya mai baƙar miya. Birazil kuma 12 ga Yuni take yi, wani mai tallan kaya ne ya kawo ta a ƙarshen shekarun 1940 don kasuwa na mutuwa a watan.

Sadiq_Fagge
Na ƙaru ƙwarai. Amma @MalamTarihi abu ɗaya ya tsaya mini. Tsakiyar Fabrairu a Ingila ai tsananin sanyi ne. Wane tsuntsu ne ke neman aure a lokacin?

MalamTarihi
Masana ma sun yi wannan tambayar. Amsa ta farko kalanda ce. A zamanin Chaucer ana kan tsohuwar kalandar Julius, wadda ta yi baya da kwana 8, don haka 14 ga watansu ya yi daidai da wajen 22 ga namu, lokacin da wasu tsuntsayen Ingila kan fara kuka da haɗa sheƙa. Amsa ta biyu ta Henry Ansgar Kelly ce, wanda ya ce wani Valentine ɗin daban Chaucer ke nufi, bishof na Genoa da ake tunawa da shi a farkon Mayu, kuma a daidai wannan lokacin na 1381 aka ƙulla yarjejeniyar auren Richard.

Zee_Adabi
Ni ban gamsu da ta Kelly ba, Malam. Waliyyin Genoa ba sananne ba ne a Ingila, kuma waɗanda suka zo bayan Chaucer kaɗan duk Fabrairu suka fahimta. Uwar Margery ma a Fabrairu ta rubuta tata gayyatar, har da zancen tsuntsayen.

MalamTarihi
Tsakaninta da Chaucer shekara kusan 95 ne, 'yar'uwa. Abin da ta fahimta ba shi ke nuna abin da shi ya nufa ba.

Abu_Maryam
Fabrairu ko Mayu, ni dai matsayina na nan.

Maman_Ilham_Kek
@Salisu_Fulawa, bilic ɗin nan wanne? Wasu na kasuwa suna da turare a ciki.

Salisu_Fulawa
Farin na wanki zalla, maras turare, Hajiya. Kuma a zuba shi cikin ruwan bayan an gauraya lemon, kada a haɗa su biyun kai tsaye a cokali ko kofi, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe mutum. In ganyen ya fara yin fari-fari daga ƙasa, ya yi yawa, a rage zuwa rubu'in cokali.